Jirgin da Bai Iso Damagaram Ba

Dogo ya wuce Kano, ya kai Nguru, ya tsaya.
Mu nan labari kawai ya iso mana.
Ubana Girema ya kai gyaɗa bisa raƙuma,
ya dawo da ɓurɓushin gawayi a idon hagu,
ya hana a hure masa har kwana uku,
wai shaidarsa ke nan.

Ya ce baƙi ne wuluk, yana tari kamar mai shan lofe,
ruwan da yake sha a zama ɗaya
zai ishi Birni mako guda.
Inna ta dubi tulunta, ta ce to gara da bai zo ba.

Shekara talatin da ɗaya na yi a gidan waya
ina buga hatimi kan wasiƙun matafiya,
ni ko Matamai sau biyu na taka.
Da na aje aiki sai na share zaure,
na kwantar da tsohuwar ƙofa kan jarka huɗu,
na ce nan ce ƙasa.

Gwangwanin tumatir biyu suka zama cikinsa,
bututun hayaƙi daga matacciyar tocila,
ƙafafu marfin kwalbar lemo.
Dogon kuwa wayar keke ce,
Laminu mai walda ya miƙe mini ita,
ya ƙi karɓar ko dala,
sharaɗi ɗaya: tasha ta faɗo ƙofar shagonsa.
Tsinken ashana ɗari tara na sare wa kai,
na jera su ɗaya bayan ɗaya
har bayana ya fara yi mini gori.

Tsakuwa na ɗebo daga gindin duwatsun Birni,
na ɗora wannan kan wannan yadda Allah ya ɗora nasa.
Jikata Fassuma ta murza mutane da yumɓu,
mai tuta, mai tallan ƙosai, ɗan dako da buhu.
Na ce ta ƙara mini ɗaya, dogo, mai rawani,
hannunsa a kan ido.

Hayaƙi ne ya ba mu wuya.
Mun sa auduga, ta fito auduga.
Sai na saci turaren wutar Balki,
na cusa garwashi a cikin gwangwani,
jirgi ya tashi yana ƙamshin ɗakin amarya.

Fassuma ta ce, Kaka, daga sama wasan yara ne,
sauka ƙasa.
Na durƙusa, haɓata a kan ƙofa,
idona daidai da idon mai rawani.
La'asar ta shigo ta tsagar tagar yamma,
ta kwanta kan wayar keke.
Ta danna, ta danna.
A na bakwai ƙadangare ya haye dogo,
ya fi tashar Laminu girma.
A na goma atishawata ta kashe ɗan dako.
Na ashirin da uku ta cire masa launi,
ta miƙo mini wayar, ba ta ce komai ba.

Na kai Zango aka wanke mini babba.
Ina tsaye ina jiran canji
wani tsoho ya sa tabarau, ya daɗe yana kallo,
ya ɗora yatsa kan duwatsun, ya ce ai nan bayan gidanmu ne,
wace shekara ce wannan?
Na buɗe baki.
Ya ce bari, na tuna, shekarar da gyaɗa ta yi kyau.

Ban gyara masa ba.
Ni ma ban san ƙafa nawa jirgin yake da su ba,
Girema bai ƙirga ba, ido ɗaya ya rage masa ran nan.
Na sa shida.
In akwai wanda ya gani, ya zo zaure ya faɗa mini,
akwai sauran marfin kwalba a cikin ƙwarya.